Ayarin Malbaza a Sararin Sama

Rabilu bai taɓa tabbata ko abin da yake yi aiki ne ko wasa ba. Tun da ya dawo daga karatu a Aljeriya yake kula da shafin intanet na masu wani wasan jiragen sararin sama. Duk wanda jirginsa ya tsaya a wata tauraruwa sai ya auna nisanta da wata tauraruwar da ba ta cikin taswira, ya turo. In aka samu awo daga wurare huɗu daban-daban, kwamfuta ta lissafa inda tauraruwar take, ta sa ta a taswira.

Sai ga shi a makon nan awo ya yi ta kwararowa daga Malbaza, duk lamba ɗaya, duk daga wuri ɗaya. Abokan aikinsa na ƙasashen waje suka ce ƙarya ake turowa, in bai gyara ba kafin gobe za su toshe duk abin da ya fito daga Nijar. Mutum ɗaya ya nuna wa wasan a garin: taubashiyarsa Nasiba, ɗiyar kawunsa, mai sayar da abinci inda manyan motoci ke jiran lodin siminti.

"Ina gajiya, ɗan mace?" in ji ta tana zuba miya. "Yau an sauko ƙasa ke nan? Zamna, amma nesa da tukunyata."

"Gajiya ta bi lahiya, uwar ɓarna. Mi kika yi mini a shafina?"

"Taimako. Ba kai ka zo kana kuka ba, wai Turawa da 'yan Sin sun cika taswira, babu ɗan Nijar? Na tara maka direbobi. Duk wanda ya ci shinkafata sai ya sa wasan a salularsa."

"Shi ya sa. Wanda ya ci shinkafarki ai dole ya ga taurari."

"Ta fi abin da Larabawa suka ba ka. Ka tahi da kumatu, ka dawo da tabarau."

"Bar zancen kumatuna. Mi ya sa duk suka auna daga wuri ɗaya?"

"To daga ina za su auna? Tare suke tahiya. Malam Wakili a gaba, shi ne babba, saura a bayansa. In ya tsaya, a tsaya."

"A sararin sama?"

"Ko'ina ne. Ka taɓa ganin direban kirki ya bar ɗan'uwansa a hanya? In jirgin wani ya lalace, wa zai ja shi?"

Rabilu ya waiwaya. Ga su can kuwa a inuwar wata mota, kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma, kowa ya duƙufa kan salula.

"Saurara, ko da yake kanki na auna gishiri ne," in ji shi. "In garin nan duka ya tsaya a Konni ya ce wani ƙauye na da nisa kaza, ba ki san ko gabas yake ko yamma ba. Sai wani ya auna daga Illela, wani daga Tajaye."

"Ai sai ka tambayi ɗan ƙauyen."

"Tauraruwa ba ta da ɗan ƙauye."

"To mi ake nema a can? Ba kasuwa, ba dangi, ba biki. Wurin ya dace da kai."

"Nasiba, gobe za a toshe mu. Ni, da su, da ƙasar duka."

Ta ajiye ludayi. "Har da Malam Wakili? Shi da ya sa wa jirginsa sunan uwargidansa?"

"Har da shi."

"Zan gyara. Amma sai ka faɗi wace ce ni."

"Mai shinkafa."

"To gaida Turawanka."

Rabilu ya cire tabarau, ya duƙa kaɗan yana dariya. "Uwargijiyata, ɗiyar kawu, wadda ko'ina ake jin ƙamshin miyarta."

"Ɗaga murya, Malam Wakili bai ji ba."

"Na faɗa, ya isa. Amma yaya za ki raba mutanen da ko a sama ba su rabuwa?"

Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da zuba miya. "Cewa zan yi jandarma sun kafa shinge a gaba. Kahin la'asar kowa ya kama tasa hanya."