Alwalata a Tekun Yanbu

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin da'awa a Madina, ban da ranar da na ce zan nuna wa mutane yadda ake alwala da ruwan teku. Ni da babban ruwan da na taɓa shiga a rayuwata shi ne kududdufin bayan gidanmu a Funtuwa.

Lokacin ina koyar da sababbin shiga Musulunci a wani ɗan aji kusa da masallacin Ƙiblatain, duk ranar Alhamis bayan la'asar. Yawancinsu leburori ne da direbobi. A cikinsu akwai Malam Isa, mutumin Gana, ya haura shekara hamsin, yana aikin ban-ruwa a wata gonar dabino a Ƙuba. Ɗan masunta ne, Hausa kuwa a zango ya koye ta, shi ya sa aka haɗa shi da ni. Karatu yana shiga kansa, amma wata uku ban taɓa ganin ya yi alwala a gaban mutane ba. Ashe a makonsa na farko wani ya tsare shi a famfon masallaci, ya yi masa tsawa don ya wanke hagu kafin dama. Tun daga ranar sai ya kulle ɗaki yake salla shi kaɗai. Ana jibi za mu fita yawon bakin teku, ya gaya mini cikin ladabi cewa daga wannan tafiyar ya daina zuwa aji, ya tsufa da a riƙa yi masa dariya. Abin ya tsaya mini a rai, don na san in ya tafi da wuya ya dawo.

Ranar Asabar muka cika motar Baba Haruna, wani dattijo Bahaushen Sudan da ya daɗe yana tuƙi a Madina, muka nufi garin Yanbu da ke bakin teku. Na sha farar jallabiya sabuwar guga. Tun a hanya nake wa'azi kan halittun Allah (kwana uku na yi ina haddace shi, har da wuraren da zan yi shiru don ya ratsa zuciya). Da muka isa, ga zalɓe a tsaye kan ƙafa ɗaya, ga ƙaguwa na gudu a karkace, har wani ƙaton kunkurun ruwa ya leƙo ya nutse. Kowanne muka gani sai in ɗaga yatsa in ja aya. Gaskiya ni kaina girman ruwan nan ya sa jikina ya yi sanyi, amma ban bari an gani ba.

Da azahar ta yi, Baba Haruna ya ce ruwan jarka na sha ne kawai, ba na alwala ba, magana ta ƙare. Daɗi ya kashe ni, ga darasi ya kawo kansa. Na tara su na yi bayani cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi (na ci wannan babin a jarrabawa, sai dai ba a kawo mana tekun cikin aji ba). Na tattare jallabiya, na shiga har gwiwa, na juyo ina fuskantar ɗalibai. Malam Isa ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu, wato tambaya sai an gama.

Kurkurar baki dai na daure. Sai shaƙa ruwa. Kullum ina gaya musu a shaƙa da kyau in ba azumi ake ba, to yau ga ranar nuna misali. Na cika tafi na zuƙa da iyakar ƙarfina. Jama'a, har ƙeyata na ji abin. Idona ya rufe, tari ya sarƙe ni, daidai nan kuma igiyar ruwa ta zo ta baya ta kwashe mini ƙafafu. Abin da ya fito daga bakin malamin da'awa a gaban ɗalibansa ba salati ba ne. "Wayyo Inna!" na ce, a ruwan da ko cinya bai kai ba.

Malam Isa ne ya ɗago ni ta wuyan riga kamar jiƙaƙƙen ɗan tsako, yana dariya har da hawaye.

"Malam, wa ya ce maka ana juya wa teku baya? Zo ka ga yadda ake yi."

Ya ja ni zuwa wani kwarmi tsakanin duwatsu inda ruwa yake kwance. Ya tsuguna, ya ce kaɗan ake ɗiba, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya ɗan taɓa ruwa a hanci, ya ci gaba, dama kafin hagu, har ƙafa. Sai da ya gama ya ɗago kai, ya ga duk ajin sun kewaye shi suna kallo. Ya yi turus.

"Masha Allah, ya Isa, alwalar nan ko a Harami sai haka," in ji Baba Haruna. "Yalla, koya wa Ustazu."

Haka na tsuguna a gabansa, ruwa na ɗiga daga gemuna, na bi abin da ya yi. Sau biyu yana gyara mini ɗiban ruwa. Sauran ma suka bi layi, shi ne malaminsu.

Muryata ta dushe, don haka Baba Haruna ya ja mu salla a kan yashi. Malam Isa ne ya tayar da iƙama, ya shigo sahu kafaɗarsa na gugar tawa. Na yi kukan farin ciki a sujada, da aka idar na ce gishiri ne.

Alhamis da ta biyo ya riga kowa zuwa aji. Har yau yana nan, shi ne ma yake raka sababbin zuwa famfo. Ni kuwa na gane cewa mutum ba ya sakin jiki a gaban malamin da bai taɓa faɗuwa ba. Wata uku ina zuba masa ilimina bai yi aiki ba, ashe abin da Allah Ya tanadar masa a wurina jahilcina ne.