Shaidar Miji Ba Ta Shiga Kundi

"Lafiya lau na kwana, ganinki ne dai ya ɓata mini safiya," in ji tsoho mai gyaran agogo, ko ɗagowa bai yi daga teburinsa ba.

"Ni ma ba don Allah na zo ba, tsohon miji."

Jikarsa ce, ma'aikaciyar jinya, ta biyo daga asibiti ko farar rigar ba ta cire ba. Ta ture ƙananan sukurori gefe ta aje masa waya. Akwai wani kundin ilimi a intanet da kowa ke iya sa hannu, in ta sami sarari takan yi rubutu a ciki. Watan jiya ta buɗe wa kakarta marigayiya shafi, mace ta farko da ta tuƙa bas ɗin haya a garin. To yanzu masu tace kundin sun manna gargaɗi: in ba a kawo madogara cikin kwana bakwai ba, za a goge shafin. Saura kwana biyu.

"Madogara kuma? Ga ni zaune. Shekara arba'in da ɗaya ina cin girkinta. Gani ya kori ji."

"Kai ka gani, su ba su gani ba. Ba a karɓar 'in ji kakana'. Bugagge suke so, jarida ko littafi, wanda wani can zai iya dubawa."

"Wato takarda ta fi ni gaskiya?"

"Takarda ba ta ƙara gishiri. Bara ka ce fasinja sittin take ɗauka, bana sun zama ɗari."

"Garin ne ya ƙaru, amarya mai ƙwaƙwalwar kifi."

Ya ce ta rubuta ya sa hannu, har da dangwale. Ta ce miji ɗan gida ne, shaidarsa ba ta shiga. Sannan ta tambaya ko wata jarida ta taɓa buga labarin.

"Ba a taɓa ba."

"Ka yi saurin amsawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Tsoho ya duƙufa a kan agogon da ya riga ya gyara. Jaridar tana nan, cikin aljihun teburin nan, ƙarƙashin tsofaffin madauran agogo. Matsalarta layi ɗaya ne da ke ƙasan hoton da aka buga tare da labarin. Shi kuwa duk jikan da ya taso a gidan ya sha labarin yadda ya zaunar da matarsa a bayan sitiyari ya koya mata tuƙi.

Jikar ta ɗauki wayarta, ta ce shi ke nan, jibi za su share ta, kamar ba a yi ba. Ba da wasa ta faɗa ba. Ta kai bakin ƙofa sai ta ji ƙarar aljihun tebur.

Takardar ta yi ja don tsufa. Ga kakarta a kujerar direba, ga wani siririn saurayi a bakin ƙofar bas yana washe baki. Ta karanta a fili: kwandastanta ne, tana koya masa tuƙi, sau uku yana faɗuwa jarrabawa.

"Mai jarrabawar ne ba ya ƙaunata," in ji tsoho. "Ki sa sunan jaridar da kwanan wata kawai. Wancan layin ki bar shi."

"Kwantar da hankalinka, shafinta ne. Kai ba ka yi shaharar da za a sa ka ba. Amma duk wanda ya bi madogarar zai gan ka, kuma yau zan tura wa sauran jikoki."

"Ɗauki ki tafi, na sake ki saki uku."

"Daidai da jarrabawarka."

Dariya ta ƙwace masa har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya lalubo ambulan ya miƙa mata.

"Sa ta a nan. Kada ki naɗe ta kan fuskar kakarki."