Abin da Ke Bin Mazan Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Marwa ta ƙasar Kamaru karɓa wa ɗan yayana Sale aure ba. Na yi ƙoƙarin in manta, abin ya ƙi.

Ni masunci ne, mutumin Kirikasamma. Ban yi boko ba. Ruwan kogin Haɗeja nake sha tun ina rarrafe, da lakarsa da komai, bai taɓa taɓa ni ba. Ambaliya ta ci ɗakina, na gina wani. Kwalekwale ya kife da ni, na fito. Mutane na cewa cikina na ƙarfe ne, ni ma na yarda.

Amma akwai maganar da ba a ɗaga murya a kanta a gidanmu. Mazanmu ba sa tsallaka iyaka su dawo yadda suka tafi. Babana ya je su a Cadi, zawo ya kama shi, hularsa kawai aka kawo mana. Yayana, uban Sale, ya kai bandar kifi Kamaru, aka dawo da shi kwance a bayan mota, ido ya faɗa, fata ta manne da ƙashi. Bai tashi ba. Abokan tafiyarsu kuwa, da suka ci kwano ɗaya da su, ko ciwon kai. Inna ta ce kogi ne. Ta ce ruwan da ke jikinmu nasa ne, aro ya ba mu, in muka yi nisa sai ya kira abinsa.

Sale ya girma a hannuna. Ya ga yarinya 'yar Hausawan Marwa, suka daidaita. Ubanta, Alhaji Bello, ya kira ni a waya.

"Malam, an ce akwai abin da ke bin mazan gidanku. In gaskiya ne ka faɗa mini. Ba zan ba da 'yata ta yi takaba da ƙuruciya ba."

Na ce, "Alhaji, babu abin da ke bin mu." Har da rantsuwa. (Ban cika magana ba, amma ranar na zuba ta.)

Muka tafi, ni da Sale da abokansa biyu. Da muka shiga Marwa na ga abin da ya tayar mini da tsigar jiki. Kogi ne a tsakiyar gari, da gada da gaɓa, amma babu ɗigon ruwa. Yashi fari fat, shiru, kamar gawar da ba a rufe ba. Na tsaya ina kallonsa, na ji kamar shi ma yana kallona.

A wajenmu, matafiyi in ya sauka baƙon wuri yakan ɗebi ƙasar wurin kaɗan ya jiƙa ya sha, don cikinsa ya gaisa da ita. Ni kuma na yi nawa lissafin: tunda kogi ne ke bin mu, da kogi ya kamata a gaisa. Na gangara na ɗebo yashin, na kaɗa a kwano, na sha, na ba Sale, na ba abokansa. Ɗayan ya ce, "Baffa, wannan fa yana warin akuya." Na ce ya shanye.

Ranar ɗaurin aure, tun safe nake jin ƙarar ruwa, irin wadda yake yi in yana lasar gindin kwalekwale. Na duba, babu ko famfo kusa. Na tambayi na gefena, ya ce bai ji komai ba. Sai da muka zauna kan tabarmi a ƙofar gidan Alhaji na gane daga cikina take fitowa.

Zufa mai sanyi ta karyo mini. Na tuna idon yayana. Na ce a raina, to, ya zo.

Liman ya ce, "Ina wakilin ango?" Na matsa gaba a hankali, kamar mai ɗauke da tulu cike.

Na ce, "Ina nema wa ɗana Sale auren..."

Nan na tsaya. Cikina ya yi wani gurnani, har liman ya waiga ya duba bayansa. Na miƙe, na tattare babbar rigata, na ratsa jama'a da baya da baya.

Bayi ɗaya ne a masaukin baƙi. Na tarar da shi a rufe. Na buga. Daga ciki wata murya ta amsa, siririya, a gajiye, muryar yayana sak, wanda na binne da hannuna.

"Akwai mutum."

Gwiwata ta saki. Kuma ba gwiwa kaɗai ta saki ba. (Farar shadda ce a jikina. Ku ƙarasa da kanku.)

Ƙofa ta buɗe. Sale ne, ango, yana dafe da bango. Ya ce, "Baffa, kai ma?"

A haka Alhaji Bello ya same mu, ya biyo ni ya ji ko lafiya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a ƙasan. Ya ce, "Malam, wannan ne abin da ba ya bin ku?"

Na ce a raina aure ya watse.

Shi ya kai mu asibiti a motarsa, ni a kan buhu. Aka sa mana ƙarin ruwa. Likitar, wata dattijuwa mai jin Hausa, ta tambayi abin da muka ci. Na faɗa mata.

"Yashin kogi? Baba, ka san abin da ake yi a cikin kogin nan kullum da safe?"

Na ce ai mu huɗu muka sha, ga biyu can suna cin shinkafar biki.

Ta ce haka abin yake. Kowace ƙasa da irin ƙwayoyin cutarta, cikin 'yan gari ya saba da nasu, na baƙo bai saba ba. A cikin baƙin ma akwai hanjin da ƙwayar ke saurin kamawa ta kayar da mai shi, kuma ana iya gadonsa kamar yadda ake gadon tsawo. Ta tambaya ko an taɓa yi a gidanmu. Na ba ta labarin Baba da yayana. Ta ce da sun sami ruwan gishiri da sukari da wuri, mai yiwuwa da sun dawo da ƙafarsu.

Wannan ta fi rigar yi mini ciwo.

Alhaji na tsaye bakin ƙofa yana ji. Ya ce, "Wato ba aljani ba ne?"

Ta ce, "Zawo ne, Alhaji."

Ya yi ajiyar zuciya. "Aljani na ji tsoro. Zawo kam, akwai buta a gidana."

Da la'asar ya kawo liman da shaidu har bakin gadona. Na karɓa wa Sale aure a kwance, da allura a hannu, ɗaure da zanin aro. Ban tsaya jan magana ba, liman ma ya gajarta addu'a, yana yi yana satar kallon fuskata.

Abin da na koya: gado ba gona da kwalekwale ba ne kaɗai, wani hanji ake bar masa. Kuma kafin ka rantse wa suruki a kan gidanku, fara shawara da cikinka.