Awon Ruwa a Tafkin Giginya

A Tafkin Giginya kowa ya san wurinsa. Sarki Jatau, dorina, yana kwance a gurbi mai zurfi da ke tsakiya, inda ruwa bai taɓa gaza rufe masa baya ba. Kadoji na kewaye da shi, su ne fadawa, su ne kuma masu gadi, babbansu shi ne Waziri Arzika. Talakawa kuwa, wato karfasa da tarwaɗa da sauran ƙananan kifaye, suna can gefe a fadama, inda ruwa ba shi da zurfi. Ana ji da su ƙwarai a bakin maroƙa, domin da yawansu ake auna girman Sarki. Shi ya sa aka ajiye kadoji huɗu a bakin makwararar da ta haɗa tafkin da gulbi, kada wani talaka ya fita ba da izini ba.

Izinin kuwa daga bakin tsuntsu ɗaya yake farawa, Malam Nomau, zalɓe, Mai Awon Ruwa. Ga yadda aikin yake tun kaka da kakanni. Akwai wani faffaɗan dutse a ƙarƙashin ruwan fadama, ana kiran sa Dutsen Awo. Idan damina ta ɗauke, Mai Awo zai riƙa zuwa kowace safiya ya tsaya a kansa, ya duba inda ruwa ya tsaya masa a ƙafa. In ya rufe gwiwa, ruwan zai kai kowa wata damina. In ya sauka ƙasa da gwiwa, sai ya sanar da majalisa, majalisa ta janye masu gadi, kifaye su gangara gulbi kafin makwarara ta ƙafe. Shekara goma sha ɗaya Malam Nomau yana wannan aiki, ba a taɓa kama shi da ƙari ko ragi ba. Ciwonsa ɗaya ne, irin na masu ilimi: gani yake in ya kawo gaskiya da hujjarta, to magana ta ƙare.

A shekarar da muke magana, giwaye suka aiko da wakili. Suna so su haƙa hanya daga rafin da ke shayar da tafkin zuwa wani kwari, su sami wurin wankan taɓo. Su kuma za su riƙa kawo wa fada rake kullum. Majalisa ta amince tun wakilin bai gama gaisuwa ba. An dai nemi jin ra'ayin Mai Awo, don a cika al'ada, bayan an gama haƙar.

Damina na ɗaukewa ruwa ya fara ja da baya kamar ana koran sa. Rana ta tara, Malam Nomau na tsaye a kan dutse yana kallon ruwa ya taɓa gwiwarsa daidai, sai ga Goggo Delu, wata tsohuwar karfasa da duk fadama ke jin maganarta.

Ta ce, "Malam, ina kwana? Ya aiki?"

Ya ce, "Lafiya lau, Goggo. Ya yaran?"

"Yaran ne suka kawo ni. Ruwan nan tun hantsi yake ɗaukar zafi, ni kuwa a cikinsa na tsufa, na san abin da ke tafe. Akwai wata 'yar kafa tsakanin saiwoyin giginya da masu gadi ba su san da ita ba. In ta daɗe ta yi kwana bakwai ruwanta ya yanke. Mun yi shawara mu sulale ta nan. Amma na ce ba mai motsawa sai na ji ta bakinka."

Malam Nomau ya girgiza kai. Ya san kafar, ya san ƙuncinta, ya san rabin ƙananan ba za su fita da rai ba. Ya ce ta ba shi zuwa la'asar. Ya tashi sai wurin Waziri Arzika, wanda suka daɗe suna shan hantsi a kan yashi ɗaya, ya zayyana masa kome, ban da zancen kafa.

Waziri ya saurara ido a lumshe. Ya ce, "Haba Malam, ni da kai? Kawo awonka ranar majalisa. Ni da bakina zan goyi bayanka. In na saɓa, kada Allah ya bar ni."

Da la'asar Malam Nomau ya koma fadama da saurinsa. Ya ce, "Goggo, ku zauna. Ba za ku fita kamar ɓarayi ba. Ta babbar hanya za ku bi, da rana tsaka, ku da yaranku duka."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

An sa ranar majalisa bayan kwana uku. Aka ɗaga ta, domin rake ya ɓata wa Sarki ciki. Aka sake ɗagawa, domin giwaye sun zo godiya. Ba ta zauna ba sai bayan kwana goma sha biyu. Kafar giginya kuwa ta riga ta zama busasshen laka.

Da aka ba shi dama, Malam Nomau ya miƙe wuya, ya gaida Sarki, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ban zo da ra'ayi ba, da awo na zo. Ranar da damina ta ɗauke, ruwa ya rufe mini gwiwa har da sama. Yau ya sauka zuwa rabin ƙwauri. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin ya kai nan ba sai tsakiyar bazara. Rafi ne aka raba biyu, babban rabin yana tafiya kwari. Makwarara na da sauran kwana goma, in ta yi jinkiri sha biyu. Ina roƙon abu biyu. A toshe hanyar giwaye. In hakan ya yi wa majalisa nauyi, a janye masu gadi yau, talakawan Sarki su fita da ransu, su dawo masa da damina."

Sarki Jatau ya waiwaya ya dubi bayansa, ya ce, "Ni dai ga shi ruwa ya rufe ni."

Fadawa suka ɗauka, "Ya rufe ka, ranka ya daɗe, ya rufe ka sarai!"

Sai Waziri Arzika ya matso gaba. Malam Nomau ya saki ajiyar zuciya, ya gyara tsayuwa.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a, duk tafkin nan babu mai ilimin Malam, babu kuma mai amanarsa. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye cikin sanyi da rana saboda mu. Wace ƙasa ce za ta bar dattijo irin wannan ƙafarsa a ruwa har yau? Ina ba da shawara a ɗaukaka shi, a naɗa shi Uban Masu Awo, a ba shi reshe mafi tsawo a kan giginya, ya huta. Sa'annan a duba wani abu. Awon da muka gada, yau ya ce gwiwa, gobe ya ce ƙwauri, kullum hankalin talaka a tashe, baƙi kuma suna jin tsoron hulɗa da mu. Ƙasa na bukatar awo mai tsayawa wuri ɗaya. Allah kuwa ya ba mu mai yin sa."

Aka shigo da wata agwagwa mai suna Ladingo, mai ladabi, mai yawan sunkuyar da kai. Aka raka ta har kan Dutsen Awo, majalisa na biye. Ta yi iyo ta tsaya daidai kansa, ta dubi jikinta da kyau, kamar yadda ta ga ana yi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa yana ƙirjina. Jiya ma nan yake. Bara ma nan yake."

Malam Nomau ya ji kamar an watsa masa garwashi. Ya manta da ladabin fada, ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, ai iyo take yi! Ƙafarta ba ta taɓa dutsen ba! Ko a ƙwarya aka saka ta, a ƙirji ruwa zai tsaya mata!"

Waziri ya ce a hankali, "Malam, uba ba ya jayayya da 'yarsa a bainar jama'a. Ka tuna matsayinka."

Aka buga tambari, aka yi guɗa, aka watse. A bakin yashi Malam Nomau ya tare Waziri.

"Arzika, ka rantse mini."

"Na rantse zan goyi bayanka, na kuwa goya. Wa ya kawo shawarar naɗinka?"

"Na ce wa bayin Allah su zauna saboda maganarka!"

Waziri ya buɗe ido ɗaya. "To wa ya aike ka? Aikinka awo ne, Malam. Alkawari namu ne, mu muka san yadda ake riƙe shi."

Ba rasa muƙamin ne ya ƙona wa Malam Nomau rai ba. Abin da ya ci shi shi ne, da amanarsa aka yi tarkon. Da maƙaryaci ne shi, da Goggo Delu ba ta tsaya jin ta bakinsa ba.

Daga kan giginya ana ganin kome, wannan kam ba a cuce shi ba. Ya ga makwarara ta zama zare, ya ga zaren ya tsinke. Ya ga an janye masu gadi a ranar da ba sauran abin gadi, aka kuma yi shelar cewa Sarki ya yi wa talakawa sassauci. Ya ga kadoji suna zuwa fadama jaje, suna dawowa da ƙyar saboda nauyin ciki. Ladingo ba ta fasa zuwa aiki ba ko sau ɗaya. Da ruwa ya kasa ɗaukar ta, sai ta koyi kwanciya a kan dutsen, ƙirjinta a cikin laka, tana aika wa fada da labari mai daɗi.

Ranar da ya kasa jurewa ya sauka. Ya sami Goggo Delu a wani ɗan gurbi da bai fi faɗin faifai ba, bayanta a waje, ƙananan kifaye sun cunkushe a ƙarƙashinta.

Ya ce, "Goggo, an ci amanata. Wallahi ban..."

Ta ce, "Malam, ajiye wannan, numfashina ba zai kai jin sa ba. Kana da baki, kana da fiffike. Ɗauki yaran nan ka kai gulbi."

"Ke fa?"

"Na yi maka nauyi. Fara da wannan, ya fi galabaita."

Dokar aiki ta hana Mai Awo sa kifin tafki a baki, shi kuwa bai taɓa karya ta ba sai ranar. Ya ɗauki ɗaya a hankali ya tashi. Gulbi da nisa, bakin zalɓe kuma ɗaya yake ɗauka. Tun safe yake kai-komo har rana ta karkata, ya tsallakar da ashirin da uku. Da ya dawo ɗaukar na ashirin da huɗu, ya tarar gurbin ya bushe, Goggo Delu ta daina motsi.

Hanyar gulbi ta kan fada take bi. Sau ashirin da uku majalisa ta ga Uban Masu Awo ya wuce da kifi a baki. Dama an kafa kwamiti ƙarƙashin Waziri don gano abin da ke ƙarar da talakawan Sarki alhali ruwa na nan a ƙirji, kwamitin kuma ya rasa ta cewa. Washegari ya miƙa rahotonsa, ya ce zalɓe ne ke cinye su. Aka tuɓe Malam Nomau, aka kore shi daga ƙasar, Waziri ya yi jawabi mai sa kuka a kan yadda amana ta yi ƙaranci a wannan zamani. Rake ya ci gaba da zuwa.

Ashirin da ukun nan sun rayu, sun girma a gulbi, sun hayayyafa. Suna ƙanana ƙwarai lokacin da abin ya faru, ba su taɓa shiga majalisa ba, ba su san wani Arzika ba, ba su san Ladingo ba. In 'ya'yansu suka tambaye su yadda aka yi danginsu suka ƙare a Tafkin Giginya, abin da suka sani suke faɗa.

"Da mun fita. Wani zalɓe ne ya ce mu zauna."