Jarkar Zoɓon da Na Kai Bunguɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata jarkar zoɓo ba, ko da na so in manta, surukaina ba za su bari ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ina ɗinki a Gusau, ina kuma neman auren Hajara, 'yar Alhaji Mamman na Bunguɗu. Alhaji na fama da hawan jini, kuma bai gama yarda da ni ba. Wata safiya na ji a rediyo wai Turawa na shan jar giyar inabi don lafiyar zuciya, wai wadda ta daɗe a ajiye ta fi daraja. Giya haramun ce, wannan na sani. Amma na zauna na yi lissafi irin na tela: amfanin a jan yake, zoɓo kuwa ya fi komai ja.

Na dafa zoɓo, na zabga sukari, na jefa ɓawon abarba, na toshe jarka na tura ƙarƙashin gado don ya daɗe (ban tambayi kowa ba, ina tsoron a sace min dabara).

Ranar Juma'a na ɗauke ta sai Bunguɗu. A mota na ga ta kumbura, na ce albarka ce.

Na tarar da Alhaji a zaure tare da limamin unguwa, wanda ke sanye da farar babbar riga. Na durƙusa na gaishe su.

"Baba, maganin zuciya na kawo maka."

"Kai da kanka ka haɗa?"

"Da hannuna."

Na murɗa murfin. Jarkar ta yi tsaki, sannan ta yi aman jar kumfa har ƙirjin liman. Wari ya cika zauren, warin da babu mai son a ce ya gane shi.

Liman ya dubi rigarsa, ya dube ni. "Alhaji, wanga yaro burkutu ya kawo maka."

"Zoɓo ne, Malam."

"Dā can."

Sai da kawuna ya taso daga Tsafe ya rantse cewa ni wawa ne ba mashayi ba, kafin aka sa ranar auren. Na ɗinka wa liman sabuwar riga. Alhaji kuwa, ranar da na kai jarkar, jininsa ya hau.

Har yau a gidan surukaina, Likita suke kirana. Ina amsawa. In na ji magani a rediyo kuma, sai in canza tasha.