Makullin da Na Ƙera da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gayyato kunya da bakina, a biron porjenmu na Magarya, wato ofishin aikinmu, gaban mutanen da nake so su ce da ni gwani.

Lokacin ban daɗe da gama karatun anformatik ba, wato ilimin kwamfuta, kaina sai hayaƙi yake. Wani porjen kiwon lafiya ya ɗauke ni in haɗa manhajar salula, wadda majojin gidajen likita na Waca da Dogo-Dogo, wato manyan ma'aikatan jinyarsu, za su riƙa turo sakamakon gwajin mata da ita: wa ke da ciki, wa ke da ciwon da ba a faɗa. A garin da kowa ya san kakar kowa, in irin wannan ya fita, aure ma yana iya mutuwa. Dole a kulle kowane saƙo.

To, akwai libreri na kulle saƙo, wato aikin da masana suka rubuta da harshen kwamfuta na C, duniya ta yi shekaru tana jijjiga shi tana toshe ɓarakarsa. Nawa kawai in ɗaura shi a manhajata. Amma ina! Na ce ya yi wa ƙananan salulolinmu nauyi (ƙarya nake, haɗa shi da Java, harshen da na rubuta manhajar da shi, ne ya gagare ni), na zauna na sake rubuta nawa tun daga tushe. Har suna na raɗa masa, don Allah kada ku tambaye ni.

Ranar gwaji aka turo Madam Rabi daga Yamai ta duba aikin. Mace mai sanyin murya, da wata tsohuwar ordinatar, kwamfutar da ko kyauta ba zan karɓa ba.

"Ƙanena, wa ya duba maka makullin nan?"

Na ce ni.

"Bayan kai fa?"

Majoji na zaune, shugaban porje na zaune, sai na ji zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Madam, mu gwada mana. In rubuta saƙo in kulle, in kin buɗe ki kira ni jaki."

Ta ce to, amma in fara kulle mata wata doguwar gaisuwa da ta faɗa. Na kulle, na tura mata. Sannan na juya baya na rubuta nawa, na tura ina murmushi. Aka kawo shayi. Ban ko shanye kofina ba ta gyara tabarau, ta karanta a hankali kamar mai karanta sanarwar suna:

"Matar nan ta cika iyayi, ta koma Yamai ta ba mu wuri."

Innalillahi! Majon Dogo-Dogo ya ƙware da shayi. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Ashe akwai wata lamba da ya kamata ta canja a kowane saƙo, ni kuma na bar ta guda. Da ta ga gaisuwarta a buɗe da kuma a kulle, ta samu hanyar buɗe duk sauran. Masu libreri sun san wannan ramin tun ina firamare.

Ba ta kira ni jaki ba, kuma wallahi da ta kira ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Iyayin gaskiya ne, maigidana ma yana faɗa. Amma da sunan wata baiwar Allah ta Waca na karanto fa?"

Ƙanwata a Waca take aure.

Ta ɗage komawarta, ta zauna kusa da ni har muka ɗaura librerin nan. Na tambaye ta ko ita ta taɓa rubuta nata. Ta ce, "Na iya, ƙanena, shi ya sa nake tsoro. Ba a shiga rijiya da igiyar da ba wanda ya taɓa ja." Ban taɓa ganin mai sani da rashin girman kai irinta ba.

Tun ranar, sirrin mutane da makullin da dubbai suka gwada nake kulle shi. Gulma kuwa a cikina nake barin ta, don nan kaɗai Madam Rabi ba ta buɗe ba tukuna.