Tsarabar Hajiya Daga Ƙasar Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tsuntsu ya tona mini asiri a falon Hajiya Ladi ba, a gaban matan unguwarmu ta Mount Hope kaf.

Hajiya Ladi ce ta riƙe ni lokacin da na sauka New York ban san kowa ba. A ɗakinta na zauna har na gama karatun jinya, na samu aiki a asibiti. Don haka da wata abokiyar aikina ta hure mini kunne muka shirya tafiya Antatika, ƙasar ƙanƙara, a jirgin ruwa (ni da ko sanyin Bronx sai na yi ta mita), wurinta na fara zuwa sallama.

"Ke dai akwai neman magana," in ji ta. "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma kada ki kawo mini tsarabar kanti, in juya in ga an rubuta China. Abin ƙasar nake so, in riƙe a hannuna."

Na ce, "An gama, Hajiya."

Ƙasar kuwa sai wanda ya gani. Duwatsun ƙanƙara sun fi benayen unguwarmu tsawo, cikinsu shuɗi kamar an zuba bula. Wani kifi da ya fi bas girma ya taso gefen jirginmu, ya fesar da ruwa, ya nutse abinsa. Ga wani irin shiru da ban taɓa ji ba. Wallahi sai da na yi hawaye, na ga ƙanƙantar kaina.

Matsalar ɗaya ce. Jagorarmu, wata Baturiya mai sanyin murya, kullum sai ta maimaita: kada a bar komai, kada a ɗauki komai, ko gashin tsuntsu. Ni kuma maganar Hajiya na cina. Yaya Bahaushiya za ta je ƙarshen duniya ta dawo hannu rabbana?

Ranar da muka sauka wurin fengwin, tsuntsayen nan masu tafiya a tsaye, jagora ta nuna mana yadda suke tara ƙananan duwatsu su yi sheƙa, don kada ruwan ƙanƙara ya taɓa ƙwai. Duwatsun ba su da yawa, shi ya sa in ɗaya ya juya baya sai maƙwabcinsa ya zare masa. Na yi dariya har da riƙe ciki, ina cewa, "Ji ɓarayi, ba kunya ba tsoron Allah!"

Can gefe na hango wani ɗan tari ba kowa a kai, duwatsun sumul. Na waiga dama, na waiga hagu, na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na kwashi kaɗan na zuba a aljihu. Ashe tsuntsun mai wurin ɗauko wani dutsen ya je. Ya dawo da dutse a baki, ya tsaya yana kallon tarin, ya kalle ni. Daga nan ya biyo ni yana wani kuka kamar na jaki. Jagora ta zo ta raɗa mini magana a hankali, na koma na zube kayan mutane. Na ce shi ke nan, abin da ya faru a ƙanƙara ya narke a can.

Da na dawo, Hajiya ta tara mata ranar Asabar a yi mini barka da hanya, har da waina da miyar taushe. Na miƙa mata kofi mai hoton fengwin da na saya a kantin jirgi. Sai na ce bari in saka musu bidiyon tafiyar da masu jirgin suka aiko, wanda ni kaina ban kalla ba (kun ga inda rawar kai ke kai mutum). Ina tsaye gefen talabijin ina bayani kamar ni na halicci wurin.

Sai ga wata mata a bidiyon ta sunkuya. Duk fasinjoji jar riga iri ɗaya aka ba mu, amma mutum ɗaya ce hijabinta ya leƙo ta ƙarƙashi. Ga hannu a aljihu, ga tsuntsu a baya yana bin haƙƙinsa. Har kiɗa suka sa masa.

Falon ya kece da dariya. Ɗaya daga cikin matan, Maman Fati, har da faɗowa daga kujera. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mayar da shi baya." Ta sake kallon inda tsuntsun ya tsaya da dutse a baki.

"Ɗai-ɗai ya tara su," ta ce a hankali. "Kamar yadda muka tara namu a ƙasar nan."

Ta juyo gare ni.

"Don ni kika yi?"

Na gyaɗa kai, na kasa ɗaga ido.

"To laifin namu ne mu biyu, da mai aike da ɗan aike. Gara da kika mayar, 'yata."

Sannan ta juya gindin kofin, ta matso da shi kusa da ido, ta karanta. China aka rubuta, amma duk da haka ta zuba shayi a ciki.

Har yau a Mount Hope "Mai Duwatsu" ake kirana. Ni kuma tun daga ranar, kafin in kira wani ɓarawo, sai na fara taɓa aljihuna.